Ciwon sanyi: a gwada fitsari kafin a sha magani

Mace ta wayi gari da zafin fitsari, tana ta zaryar banɗaki, mara na murɗa mata. Kowa ya ji sai ya ce sanyi ne. Daga nan sai kemis, a ƙirgo mata Septrin ko Ampiclox na kwana biyu, gwargwadon kuɗin hannunta. Zafi ya lafa, ta ajiye ragowar. Bayan wata guda ciwo ya dawo, maganin da ya yi aiki jiya kuma ya ƙi ci.

Kalmar sanyin nan buhu ce da muke zuba cututtuka iri-iri a ciki: ciwon mafitsara, ƙaiƙayin gaba, har da waɗanda ake ɗauka ta saduwa. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Na mafitsara, kusan uku cikin huɗu ƙwayar cutar E. coli ce ke kawo shi, wadda dama a hanjin ɗan Adam take zaune. Hanyar fitsarin mace ba ta wuce santimita 4 ba, ta namiji kuwa ta kai kusan 20, shi ya sa kusan rabin mata sai sun gamu da shi a rayuwarsu. Halitta ce, ba alamar ƙazanta ko rashin kamun kai ba, kuma kunyar da ake sa wa mata a kan haka tana cikin abin da ke hana su zuwa asibiti.

Rabin magani yana kashe raunanan ƙwayoyin cuta ne ya bar masu taurin kai, su hayayyafa, har su miƙa wa wasu wannan taurin. Tun a 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin, ya yi gargaɗi a kan shan magani ƙasa da ƙa'ida. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 saboda ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani. Yammacin Afirka ce ta fi ko'ina yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, kuma E. coli ce kan gaba.

Akwai hanyar sanin maganin da zai yi aiki. A ɗebi fitsarin tsakiya a kwalba mai tsabta, a ɗakin gwaji a shuka shi a faranti har ƙwayar cutar ta tsiro, sannan a jera mata 'yan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban. Wanda ya hana ta tsiro a kewayensa sai a rubuta masa S, wanda ta yi biris da shi a rubuta R. Aikin kwana biyu zuwa uku ne.

Na san za a ce gwaji da tsada, mai ciwo kuma ba ta iya jiran kwana uku. Gaskiya ne, likita ma kan fara ba da magani a ciwon farko mara tsanani. Amma wadda ciwon ke yawan dawo mata, da wadda zazzaɓi da ciwon kwiɓi suka haɗu mata, alamar ya hau ƙoda, da mai juna biyu, waɗannan ba a yi musu kintace. Mai ciki ma tana iya ɗauke da cutar ba tare da jin komai ba, har ta jawo haihuwar bakwaini.

Tsohon maganin nan nitrofurantoin, da ake amfani da shi tun 1953, har yau yana kashe yawancin E. coli a mafitsara, sai dai ba ya maganin ciwon ƙoda, kuma ba a ba mai cikin da ya kusa haihuwa. Ciprofloxacin kuwa, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin waɗanda ya kamata a riƙa tattalinsu, ana sayar da shi a kemis kamar gyaɗa.

Najeriya na da tsarin yaƙi da matsalar ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani tun 2017, kuma hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, NCDC, ce ke jan ragamarsa. Abin da nake son gani shi ne jihohi su sa gwajin shuka fitsari cikin awon ciki kyauta, manyan asibitoci kuma su riƙa fitar da jerin magungunan da ke aiki a yankinsu duk shekara, su raba wa ƙananan asibitoci. Kai kuma maigida, in uwargida ta ce sanyin ya dawo, ba ta kuɗin gwajin, ka raka ta karɓo sakamakon.