Kafin a ɗora wa malami sabon nauyi

Na karanta wani labari kan shirin ɗaga matsayin karatu a makarantun gwamnati, kuma ina goyon bayan shirin, sai dai labarin bai ce komai ba game da malamin da zai aiwatar da shi a cikin aji. Mun ga abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare jarrabawa ta matakin aji huɗu, inda fiye da 21,000 suka faɗi aka sallame su. Jarrabawar ta nuna girman matsalar, amma galibin malaman firamare daga kwalejojin ilimi suke fitowa riƙe da takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, saboda haka gyaran ya kamata ya fara tun daga kwalejojin.

Muna da Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna tun 1976, muna da hukumar TRCN mai yi wa malamai rajista, ga kuma kuɗin UBEC, hukumar tarayya mai kula da ilimin matakin farko, da jihohi da dama ke barinsu jibge saboda sun kasa zuba nasu kason. Taron bita na kwana uku a babban birnin jiha, wanda galibi alawus ne ke kai mutane, ba ya sauya koyarwa. Abin da malami ke buƙata shi ne ƙwararre ya riƙa shiga ajinsa yana gyara masa a kai a kai, a ba shi littattafai, a rage cunkoson ɗalibai, sannan a biya shi albashinsa a kan lokaci.