Diyya yake bi, ba sadaka ba

Wai har an fara yi wa mai kamfanin jima addu'a don ya aiko wa yaron da ya kamu da ciwo a wajen aikinsa da buhun shinkafa da 'yan kuɗi a ambulan. Masha Allah, Alhaji ya kyauta! Yaro yana dama sinadarin jima babu safar hannu, babu takunkumi, sai tsumman da yake ɗaurawa a hanci. Yau fatar hannunsa ta ɗaye, tari ya hana shi barci, an sallame shi daga aiki, mu kuma muna ta "Allah Ya ƙara arziki."

Jama'a, diyya yake bi. Tun 2010 akwai dokar biyan diyyar ma'aikata a Najeriya. Ta wajabta wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, kuma cutar da aiki ya jawo tana ciki. Kotun ma'aikata ma tana nan Kano. Shinkafa ba ta goge wannan.

Na san masu "ƙaddara ce" suna nan tafe. Mun yi imani da ƙaddara, amma me ya sa manajan yake toshe hanci idan ya leƙo ɗakin, ya koma ofis da sauri? Shi ƙaddarar ba ta san hanyar ofishinsa ba? Masu cewa masana'antu za su rufe kuwa, takunkumi nawa yake? Ku bar mu don Allah.

Wallahi abin yana ci mini rai. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, saboda a tsakar gida ake niƙa duwatsun zinare, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shigo. Mun yi ta'aziyya, mun tashi. Haka za mu yi wa wannan ma in aka biye mana.

Iyayen yaron nan su adana takardun asibiti da katin aiki, su nemi lauya, kada su sa hannu a komai. Diyya ce.

Af, ku kuma masu zuba fiya-fiya a wake don kada ya yi ƙwari, a kan wannan maganin Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Su sun ƙi, mu muna ƙosai da shi. Ranarku daban, zan dawo kanku.