Daren da aka harbe ni a ɗakin zaure

Ni fa da farko kallo kawai nake yi. Wani bidiyo ne ya faɗo mini a TikTok, yaro ya zauna a kujera mai juyawa, ya kifa abin sauraro a kunne, yana buga Free Fire yana ihu kamar wanda kunama ta harba. Na tsaya na kalla har ƙarshe. Ashe su masu manhajar abin da suke jira ke nan, don daga ranar ko wa'azi na nema sai an fara nuna mini harbi uku.

Ga wanda bai san wasan ba: kamfanin Garena na Singafo ne ya fito da shi a 2017. Mutum hamsin ake jefo ku daga jirgi da laima a kan tsibiri, kowa ya nemi makami, filin kuma yana ta tsukewa har a rage mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya, sai allo ya rubuta "Booyah". Ba ya buƙatar babbar waya, shi ya sa ya kama samari irinmu masu waya ta hannu da gilashi a tsage.

Masu bidiyon nan ba sa nuna maka inda aka kashe su. Yankewa suke yi su haɗa inda suka yi nasara kawai, kai kuma kana kwance a tabarma kana cewa ai wannan ba wuya. Ɗaya ya ce sirrin yana cikin saitin saurin juya kyamara, na kwafi lambobinsa. Wani ya ce a sa yatsu huɗu, na sa, hannuna ya ƙage. Wani kuma ya ce a barbaɗa hoda a gilashi don yatsa ya yi santsi, har yau ƙanwata tana zargin ɓeraye. Duk ban ƙware ba. Abu ɗaya na koya tsaf daga wurinsu, shi ne ihun. Su da ihu suke tara 'yan kallo, a ɗakin da ba mai jin su. Ni kuwa ɗakin zaure nake kwana, tagata tana kallon lungu.

Wani dare wajen ƙarfe biyu, ba wuta, unguwa tsit, muna wasan mutum huɗu da abokaina. Na toshe kunnuwa duka biyu, sai aka buɗe mini wuta daga baya na faɗi. A wasan in an kayar da kai, ɗan ƙungiyarku zai iya zuwa ya tashe ka kafin jininka ya ƙare. Na buɗe murya iya ƙarfina: "Sun harbe ni! Ku zo! Su uku ne, suna bayan gida, ɗaya ya hau rufi!"

Ban ji salatin Umma ba. Ban ji usur ɗin 'yan sintiri ba. Ina nan ina ƙara musu bayani, wai wanda ke kan rufin babbar bindiga ce a hannunsa, kar su biyo ta ƙofa. Daga baya na ji cewa wannan maganar ce ta sa maƙwabcinmu ya haura katanga da taɓarya, ya dira cikin akurkin kajin Umma.

Da aka banke ƙofar, haske ya dalle mini ido. Baba ne a gaba da gora, daga shi sai zani, bayansa 'yan sintiri da sanduna, ni kuma ina rigingine, waya a sama, fuska duk hoda.

"Ina aka harbe ka?"

"Baba, a... a Bermuda ne."

Sunan tsibirin ke nan, amma ba wanda ya yi dariya. Baba ya karɓi wayar ya ƙura mata ido, daidai lokacin da ɗan mutumin nawa yake rarrafe yana cikawa.

"Wannan mai jan cikin kai ne?"

"Ni ne, Baba."

"Au, duk wannan raba daren, a nan ɗin ma kai ake duka?"

Da safe aka kai magana gaban mai unguwa. Na zaci tara za a ci ni ta kajin da suka tsere, har na fara lissafin abin da ke aljihuna. Dattijon ya saurara, ya shafa gemu, ya ce ai shi bai ga abin faɗa ba. Yaro ne Allah Ya hore masa murya, ga rashin barci, ga sanin inda ɓarawo ke ɓuya, kuma dama 'yan sintiri suna kukan ƙarancin mutane. Nan take aka miƙo mini usur da tocila. Wayar kuma daga sallar isha'i tana aljihun Baba, sai bayan asuba nake karɓa, in ya tuna.