Allurar Lenacapavir da Masu Cewa An Huta da Ƙwayar Maganin Ƙanjamau

Tun da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar lenacapavir a watan Yunin 2025, ake ta yaɗa wani zance a shafukan sada zumunta da majalisun hira cewa wai an samo maganin ƙanjamau, allura biyu a shekara, shi ke nan an huta da haɗiyar ƙwaya. Wannan zance yana iya kai mutum kabari. Amincewar da aka yi ta riga-kafi ce, domin wanda bai kamu ba, kuma ko a inda ake yi wa mai ɗauke da cutar wannan allura, sai an haɗa masa da wasu magunguna.

Duk wanda ya san yadda jinyar ta sauya cikin shekara 20 ba zai raina ƙwayar da ake sha yau ba. A da, maganin stavudine shi ne a hannun yawancin marasa lafiya a Afirka, mai zubar da kumatu da sanya ƙafa ta mutu, har ya zama ana gane mai shan sa tun daga fuska, abin da ya sa da yawa suka gwammace su ɓoye ciwonsu. Bayansa aka koma efavirenz, mai jiri da munanan mafarkai. Sannan akwai tsohuwar ƙa'idar da ta ce sai garkuwar jikin mutum ta faɗi zuwa wani mataki kafin a fara ba shi magani. Binciken START na 2015 ne ya rushe ta, da ya nuna cewa fara shan magani nan take yana rage haɗarin mummunan ciwo ko mutuwa da kashi 57 cikin 100, kuma a 2016 Najeriya ta rungumi tsarin ba wa duk wanda gwaji ya nuna ya kamu magani. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegravir, wanda ake haɗa shi da tenofovir da lamivudine a ƙwaya ɗaya tak a rana, kuma da wuya ƙwayar cutar ta bijire masa. Mu tuna cewa a 2018, wani rahoto daga Botswana kan lahani ga jarirai ya sa ƙasashe da dama suka hana mata wannan magani, daga baya ƙarin bayanai suka kawar da fargabar; gaggawar yanke hukunci kan labari guda ta riga ta taɓa cutar da mutane.

Duk wannan ci gaba sharaɗi ɗaya gare shi: kada maganin ya yanke. Tun 2006 aka dakatar da binciken SMART kafin lokacinsa, saboda waɗanda ake sa su tsayar da magani su ci gaba daga baya sun fi ninka sauran shiga haɗarin ciwo da mutuwa. Amma a Janairun 2025, da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, shirin PEPFAR, wato tallafin Amurka na yaƙi da ƙanjamau, da muka jingina da shi tun zamanin George W. Bush ya girgiza, muka ga abin da Hausawa ke nufi da kwana a tabarmar aro. Naira biliyan 4.8 da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da su don sayen kunshin magani 150,000 ɗigo ne a teku, a ƙasar da ƙididdigar 2018 ta ce kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar.

Masu cewa sabuwar allura za ta rage wa gwamnati nauyi nan gaba, sai su gaya mana me mai juna biyun da ke layin asibiti yau za ta sha kafin nan gaban ta zo.

Ya kamata NACA, hukumar yaƙi da ƙanjamau ta ƙasa, ta fito a gidajen rediyo, da harshen da mutane ke ji, ta faɗi wa kowa wanda allurar ta shafa. Gwamnatocin jihohi kuma su sa kuɗin ƙwayar nan a kasafinsu, a riƙa ba wa wanda jininsa ya daidaita maganin wata uku zuwa shida lokaci guda, domin kuɗin mota zuwa asibiti duk wata shi kaɗai ya isa ya sa talaka ya tsallake zuwa.