Gwiwar ƙarfe: su suna da na'ura, mu muna da jikoki

Tsohuwar ta haura saba'in, a wani asibiti a lardin Ibaraki, arewa maso gabashin Tokyo. Mako guda ke nan da yi mata aikin sauya gwiwa. Aka zaunar da ita bakin gado aka ce ta miƙe ƙafar. Ƙafa ta taso ta tsaya a hanya, saura kamar digiri 15 ta miƙe sak, tana ta cije leɓe amma ina. Aka ɗaura mata na'ura ta sake gwadawa, sai ga ƙafa ta miƙe har ƙarshe. Abin ya burge ni ƙwarai. Abin da ya ɓata shi, wani ma'aikacin sashen ya juyo, cikin ladabin nan nasu na sunkuyar da kai, ya tambaye ni wai mu da ba mu da irin wannan, a kwance tsofaffinmu ke ƙarasa rayuwa bayan aiki?

Na'urar sunanta HAL, ƙirar Farfesa Yoshiyuki Sankai na Jami'ar Tsukuba, wanda ya kafa kamfanin Cyberdyne a 2004. Wadda ake sa wa masu aikin gwiwa ta gaɓa ɗaya ce: maɗauri a cinya, maɗauri a ƙwauri, ɗan inji a gefen gwiwa, batir da akwatin sarrafawa a gefe. Ana manna wasu 'yan faifai a fatar gaban cinya da bayanta. Idan mutum ya yi niyyar miƙe ƙafa, ƙwaƙwalwa kan aika saƙo zuwa tsoka. Faifan su tsinci ɗan burbushin lantarkin saƙon a fata, injin ya ƙarasa abin da tsokar ta gaza. Ba ya motsi sai mai shi ya yi yunƙuri. Sau goma-goma aka sa ta yi, zagaye biyar, da hutu a tsakani. Kamfanin Honda ma ya taɓa fitar da tasa, wadda ake ɗaurawa a ƙugu, ba ta kai kilo uku ba, tana tura cinyoyi gaba da baya don takun hagu da na dama su daidaita.

Dalilin duk wannan, bayan aiki gwiwa kan kumbura, kumburin da zafin su sa jijiyoyi su danne tsokar gaban cinya. A watan farko ƙarfinta kan ragu da fiye da rabi. Wanda bai iya miƙe gwiwa sak ba zai yi tafiya a ranƙwafe, gwiwar na lotsawa, ya yi ta ɗingishi.

Na'urar ma tana da rigimarta. Fata mai gumi ko gashi ba ta riƙe faifan, saƙo ya zo a hargitse, injin ya dinga fizga. Idan tsakiyar injin bai yi daidai da tsakiyar gwiwa ba, maɗaurin ya zame ya goge fata kusa da ɗinki. Idan aka ƙure ƙarfin taimakon, tsoka ta yi lalaci ta bar wa inji aiki. Binciken da aka yi kan masu aikin gwiwa kuwa ƙanana ne. Suna nuna sauƙi a makonnin farko, amma ba su tabbatar da cewa bayan shekara mai na'ura ya fi wanda ya samu likitan gashi (mai koyar da motsa gaɓoɓi) nagari ba. An taɓa yayin wata na'urar da ke lanƙwasa ƙafa da kanta mutum na kwance, daga baya aka tattara bincike aka ga amfaninta bai taka kara ya karya ba.

Abin da ma'aikacin bai faɗa ba shi ne dalilin da ya sa Japan ta dage kan irin waɗannan ƙere-ƙere. Kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen ƙasar sun kai shekara 65. Masu jinya sun yi ƙaranci. Ɗakin da tsohuwar take tsaf-tsaf, labule ruwan madara, silifas a jere, tiren abinci da 'yan kwanoni ƙanana, agogo na tafiya, ba kowa. Lokacin ziyara ya zo ya wuce kujerar gefen gadon ba wanda ya zauna a kai. A Tudun Wada ko Rigasa da tuni an rasa inda za a ajiye kuloli.

Ba na musun cewa namu cikar tana da illa. Hajiya ta dawo daga Indiya ko Masar, ko daga asibitin ƙashi na Dala a Kano, sai a kwantar da ita, a cusa filo ƙarƙashin gwiwa don ta ji daɗi, kowa na "Sannu Hajiya, kar ki motsa." Wannan filon shi ke sa gwiwa ta sandare a lanƙwashe. A ƙarƙashin diddige ake sa shi, gwiwar ta rataya ta miƙe. Wata kuma ta kawo ruwan zafi da tawul a gasa, alhali ƙanƙara sabon kumburi ke so, minti 15 zuwa 20, a naɗe cikin zane. Mai ɗori ba shi da hurumi a nan, ba karaya ba ce.

To amma duk wannan gyaransa koyarwa ce, ba batir ba. Jika ɗaya mai hankali, likitan gashi ya nuna masa sau biyu, zai iya. Ya tallafi diddigen Hajiya da tafin hannu, ta yi yunƙurin miƙewa, ya ƙarasa mata ɗan abin da ya rage, kullum yana rage taimakon. Ya sa ta matse cinya tana danna bayan gwiwa a katifa, ta ƙirga biyar ta saki. Ta dinga kaɗa ƙafa daga idon sawu don kada jini ya yi guda. In sha-raɓa ya kumbura yana zafi, ko numfashi ya yi wuya, asibiti nan take. Ta tashi ta taka kowace awa ɗaya ko biyu da rana. Sannan a auna lanƙwasar duk mako a rubuta. Tafiya na buƙatar kamar digiri 65, tashi daga kujera sama da 90. In an kai mako shida ba a kai 90 ba, a koma wa likita, domin lanƙwasa gwiwa a ƙarƙashin allurar barci ta fi yin aiki kafin wata uku. Kuɗin da wani zai yi tunanin zubawa a na'urar da galibi haya ma ake ba asibitoci, ya biya likitan gashi ya zo gida.

Akwai abin da HAL ba ta iya ba, su da mu. Tsofaffin Japan suna son zaman ƙasa a kan tabarmar tatami, ƙafafu a naɗe ƙarƙashinsu, kusan zamanmu na tahiya. Wannan zaman na neman digiri 150 ko fiye, gwiwar ƙarfe kuwa yawanci a 110 zuwa 120 take tsayawa. Su sun sallama, har a wuraren ibadarsu za ka ga gajerun kujeru a jere. Mu kuwa sai Alhaji ya ji nauyin a gan shi kan kujera a sahu, ya daina zuwa masallacin unguwa, alhali addini ya ba wanda bai iya tsayuwa ba damar ya yi sallah a zaune. Tun kafin a tafi aikin ya kamata likita ya faɗa masa wannan ƙarara, 'ya'ya su sa masai na zama a gida da ƙarfen dafawa a bango, su rage tsayin dokin ƙofa, su kai kujera mai ƙwari masallaci su yi wa liman magana a ware mata wuri a ƙarshen sahu.