Wuta a waya ko sola a bakin tafki?

Wani labari ya ce ƙaramar hukuma za ta jawo wa masu kiwon kifi na karkara lantarki, ta haƙa musu rijiyoyin burtsatse. To, madalla, amma wace wutar? Wani na cewa a kawo taransifoma a jawo wutar waya. Ni a gefen Dadin Kowa ta Jihar Gombe nake kiwon tarwaɗa, dam ɗin da ke samar da megawat 40 yana nan kusa da mu, duk da haka da janareta nake canza ruwan tafkina. Tun cire tallafin mai a 2023 fetur ke cinye ribar. Ran da injin ya ƙi tashi, da asuba na tarar ruwan ya yi wari, kifaye sun taso sama suna haki, wasu sun juya ciki. Malam mai cewa taransifoma ce mafita, ka taɓa kiwon kifi kuwa? A sa mana famfon sola da tanki, a horar da yaranmu gyaransa. Kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, shin kuɗin aikin nan hannun ciyaman suke, ko sai an je Gombe an roƙo wajen gwamnatin jiha?