An bar jaki ana dukan taiki: uwa mai yunwa ake yi wa wa'azin shayarwa

A makon farko na Agusta ina cikin Adaidaita Sahu, direba ya kunna rediyo, sai na ci karo da shirin makon shayarwa na duniya da ake yi duk shekara daga 1 zuwa 7 ga watan. Baƙuwar da aka gayyato ta iya magana, ta kuma san aikinta. Amma da aka tambaye ta me ya sa matan karkara da na unguwannin talakawa ba sa ba jarirai nono zalla har wata shida, sai ta ce jahilci ne da riƙon al'ada, maganin kuma wayar da kai. Wannan amsa ta ɓata min rai, domin shekara da shekaru ita ake ba mu, kuma ita ce ke wanke kowa ta bar uwa ita kaɗai da laifi.

Ba ni da ja da shawarar likitoci. A sa jariri a nono cikin sa'ar farko, a ba shi nono zalla wata shida ba ruwa ba koko, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, don haka ko a zafin Afrilu jariri ba ya buƙatar a ɗura masa ruwan randa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla a Najeriya, shi ya sa a 2019 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da gangamin hana ba jarirai ruwa. Gardamata a kan wanda ake nuna wa yatsa take.

A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida saboda tamowa. Wannan adadi ya zaga kafafen labarai. Akwai wani a cikin sanarwar da kusan ba wanda ya ɗauka: sun auna iyaye mata 750 da suka kawo yaran, sai aka tarar fiye da rabinsu su ma suna fama da tamowa, kashi 13 cikin 100 kuma mai tsanani. Waɗannan matan ne ake tarawa a ƙarƙashin rumfa ana karanta musu darasin shayarwa.

Na taɓa raka wata 'yar uwata wata cibiyar tamowa ranar karɓar abinci. A gabanmu a layi akwai wata mata, ɗa ɗan shekara biyu a hannu, jariri ɗan wata huɗu a baya. Aka zagaya wa babban yaron ma'aunin dantse, ya faɗa ja, alamar tamowa mai tsanani. Ma'aikaciyar ta leƙa na bayan ta ce, "Baiwar Allah, wannan fa, nono zalla kike ba shi?" Matar ta ce, "Wallahi Sista na san haka ake so. Wata shida, ba ruwa, ba komai. Amma da asuba nake fita aikatau, sai la'asar nake dawowa, matar gidan kuma ta ce kada in je da goyo." Jaririn yana wuni a hannun yayarsa 'yar shekara tara, in ya tsananta kuka ta tsarma koko da ruwa ta ba shi a cokali. Uwar kuma abin da ta ci tun jiya ɗumamen tuwo ne da ta raba da yara. Darasin nan ta haddace shi tsaf. Da za a yi jarrabawa da ta ci.

Ga yadda abin yake a jiki. Mace mai shayarwa na buƙatar ƙarin kusan kalori 500 (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) a kullum a kan abin da ta saba ci. Idan ba ta samu ba, nono ba ya ƙafewa nan take. Jikinta ne ke zaftare kansa yana ba jariri, ita tana ramewa, jini na raguwa, jiri na ɗibarta a bakin murhu. Abin da ke rage nono da gaske shi ne ƙarancin tsotso. In jariri ya wuni bai kama ba, gobe ruwan zai ragu, ya yi kuka, a ce "nononta ba ya isarsa", a ƙara koko, tsotso ya ƙara raguwa, ga gudawa daga ruwan da aka dama kokon. Wata biyu, uku, sai ga shi a layin da yayansa ya tsaya. Lokaci da abinci ne jarin shayarwa, kuma su biyun ne talauci ke fara ƙwacewa.

A nan tsarin tallafin namu ya karkace. Ƙullin abincin gyaɗar nan da ake ba masu tamowa, kowane ɗaya kalori 500 ne, daidai da abin da uwar ke nema a rana. Amma na yaro ne, kuma sai ya kai wata shida, kuma sai dantsensa ya sauka ƙasa da santimita 11.5 ko ya kumbura. Uwar da ta jure ta shayar da ɗanta ya yi ɓul-ɓul, hannu rabbana za ta koma gida. Sai yaron ya lalace ake buɗe mata kati. Sannan mu dawo muna zagin matan da ke raba ƙullin da sauran yara ko su sayar da ɗaya su auno masara. Ban ce daidai ba ne, magani ne na yaro mara lafiya kuma ransa na kansa. Amma wanda ya aika kalori 500 cikin gidan da mutum takwas suka kwana da yunwa ya san inda za ta tafi.

Masu cewa al'ada ce, to, akwai ta. Har yanzu ana matse daƙashi a zubar a ce datti ne, alhali shi ne rigakafin farko. Ana ba jariri rubutu da jiƙo da ruwan zafi. In mace ta yi kwanika, rana ɗaya ake cire yaro daga nono don kada ya sha ciki. Sai dai a gaya mini, a gidan da uwar miji ta ce a ba jikanta ruwa, wace amarya 'yar shekara goma sha bakwai ce za ta ce a'a? Ana tara wadda ba ta da iko ana yi mata bita, mai ikon tana gida, mai cefanen yana majalisa. Kuma wannan al'adar da ake zagi ita ce a da ke ciyar da mai jego: kwana arba'in ba ta surfe ba ta ɗebo ruwa, ga ƙauri, ga gasasshen nama, ga kunu, ga wata dattijuwa a ɗaki tana kula da ita. Ban ce a koma ga tafasasshen ruwa da kanwa mai yawa ba, likitoci sun daɗe suna danganta su da ciwon zuciyar masu jego. Amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a 2024, ɓangaren ciyarwar ne ya mutu, ɗura ruwan kuwa yana nan.

Maza kuma mu ji tsoron Allah. Ayar da muke jawowa a Suratul Baƙara, aya ta 233, wadda ta ce uwaye su shayar shekara biyu cikakku, ita ce dai ta ɗora ci da tufatar da mai shayarwa a wuyan uban yaro. Rabin farko kowa ya iya shi. Sau nawa aka hau mumbari aka yi huɗuba a kan rabi na biyu? Akwai magidantan da babu ce ta kama su da gaske, waɗannan abin tausayi ne. Akwai kuma mai tsayawa wajen mai shayi ya ci ƙwai da biredi, ya sayi tsire, mai goyo na gida tana lasar kanzo.

Wasu za su kawo maganar hutun haihuwa, su ce Kaduna ta ba ma'aikata wata shida tun 2019. Madalla, amma mai wankau da mai tuyar awara da mai tsinkar barkono a gonar wani ba su da takardar ɗaukar aiki, ranar da ba su fita ba ranar ba a ɗora tukunya. Masu cewa a raba madarar gwangwani kuwa, su fara kai ruwa mai tsabta da gawayin tafasa shi, sannan mu yi magana.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne an riga an gwada abin da ke aiki, kuma a ƙasarmu aka gwada. Tsakanin 2013 da 2019, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, sun gudanar da wani shiri a Anka da Tsafe a Zamfara, da Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma a Jigawa. Ana ba mace Naira 3,500 duk wata, daga baya 4,000, tun tana da ciki har yaro ya cika shekara biyu, tare da bayani a kan shayarwa da ake yi wa mata da mazansu. Kuɗin hannunta yake shiga. Da aka yi bincike, shayar da nono zalla ta ƙaru, tsumburewar yara ta ragu. Matan nan ba a canja musu ƙwaƙwalwa ba, an dai haɗa musu darasin da abin saka wa a baka. Kuɗin baƙi ya ƙare, shirin ya tsaya, ba mu ga jihohi sun ɗauke shi da girman da ya kamata ba. A 2025 kuma Amurka ta datse tallafinta, Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin rufe cibiyoyin tamowa fiye da 150 a Borno da Yobe, inda dama can ne ake ɗan ba masu ciki da masu goyo garin kunu.

Jihohin Arewa na karɓar kason wata-wata da ya fi na da yawa tun bayan cire tallafin mai. A buɗe wa uwa kati tun ranar awon ciki, a auna dantsenta yadda ake auna na ɗanta, a ba ta hatsi da wake da gyaɗa ko kuɗinsu har wata shida na farko. A kira surukai da maza zaman bita, limamai su karanta ayar har ƙarshe. Duk kwamishinan lafiyar da zai hau rediyo a Agusta mai zuwa, ya zo mana da lissafin mata masu goyo nawa jiharsa ta ciyar a shekarar.